Akwatin da Safara'u Ta Zaɓa

Goronyo, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga yayana, Alhaji Junaidu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanda ya goye ta, ina fatan wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Maryam da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu, ya sa albarka ga aikinka na tashar jiragen ruwa. Mu nan sai godiya. Mahaifinmu Baba Malam yana Wurno lafiya lau, in ban da gwiwar nan da ke taɓa shi in sanyi ya sauka, amma bai fasa karatun safe da manyan ɗalibai ba. Har yanzu in ya ga wanda ya taho daga kudu sai ya tsare shi da tambaya ko ya san Junaidu, kamar Fatakwal unguwa ɗaya ce. Gwaggo Laraba ta Rabah ta samu sauƙin idon nan, har ta koma saƙar faifai. An sako ruwan dam cikin magudanai, fadama ta fara kore, masu alkama sun shuka, mu masu albasa muna shirin dashe. In ka tsaya bakin hanya da hantsi ba abin da kake ji sai kukan injinan ban-ruwa ta ko'ina.

Na san za ka yi mamaki da ka ga takarda a hannun Ƙasimu direba, alhali ga waya a hannun kowa. Dalili biyu ne. Na farko, wayarmu ta nan in magana ta yi daɗi sai ta yanke. Na biyu kuwa, ka yi mani afuwa, kai Yaya in ka ji rabin zance sai ka ba da amsar dukanshi, maganar da ke bakina kuma tana son a ji ta har ƙarshe. Don haka da na ji Ƙasimu zai ɗauki lodin albasa zuwa wajenku, na ce bari in zauna in rubuta a tsanake. Zai ba ka ƙullin tafarnuwa da 'yar kuka da daddawa, a ba Yaya Maryam, ba yawa.

Maganar ɗiyarka Safara'u ce, da kyautar da ka yi niyyar yi mata. Ranar da ka turo hoton mutum-mutumin nan mai motsi a waya, ka ce ka ji ta yi zarra a jarrabawar kimiyya ta shekarar farko a kwaleji, kuma ka yi alkawarin saya mata shi, gidanmu ya cika. Yaran maƙwabta sunka yi ta kallo suna maimaitawa har batir ya mutu. Fari sol da shi, ga idanu masu haske, yana tafiya, yana ɗaga hannu, yana rawa, har yana amsa gaisuwa da Turanci. Ni kaina na riƙe baki. Na ce Allah ya saka wa Yaya da alheri, naka sai naka, duk nisan da ke tsakani bai manta da ɗiyar ƙanwarshi ba. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba a tsakar gidan nan: Safara'u, wadda ta zo hutu, da babanta.

Ka san babansu, ba mai yawan magana ba ne, amma in ya faɗi kalma ɗaya sai ta kwana tana yi wa mutum nauyi. Abin da ba ka sani ba shi ne, tun farko bai so ta karanta wagga kimiyya ta lissafi da lantarki ba. Shi makarantar koyon aikin lafiya ya so mata, don yana ganin maƙwabciyarmu Theresa, malamar asibiti, yadda garin nan ke girmama ta, kowa ya san amfaninta, kuma aikinta ba ya yankewa. Da ƙyar ya yarda, bayan Baba Malam ya sa baki. To ranar nan da ya kalli hoton, sai ya miƙa mani wayar ya ce, ashe wanga ne karatun, ɗiyar tsana mai rawa. Ya ce shi bai hana a yi mata kyauta ba, amma in ƙarshen abin da take koyo ke nan, to ta ƙarasa shekarar nan ta dawo a nema mata makarantar lafiya, tun lokaci bai ƙure ba. Ya sa takalminshi ya tafi gona. Yaya, ka ga yadda alheri ya tashi zama mata sanadin barin abin da ranta ke so, ba tare da kai ka sani ba.

Washegari muna tsince shinkafa ni da ita, na ga ranta ba daɗi, na tambaye ta mi ke damunta. Ta ce Inna, ina jin kunyar Kawu, amma wanga mutum-mutumi ba shi nake bukata ba. Raina ya ɓaci. Na ce mata tun yaushe wanda anka yi wa kyauta ke zaɓe, kuma wace ce ita da za ta mai da hannun kawunta baya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai irin na mai laifi ba. Ta bari na gama, sannan ta ce abin yana da kyau ƙwarai, amma waɗanda sunka ƙera shi sun riga sun gama dukkan tunanin da ke cikinshi, sun rufe da ƙusa. Nata kawai ta danna ya yi rawa. In ya lalace ba mai buɗe shi a Sakkwato, in hannunshi ya karye sai dai a jingine shi a saman kabad. Ta ce ita mai koyo ce, mai koyo kuwa abin da zai ɓata ya gyara yake bukata. Ta ƙara da cewa a ɗakin gwajinsu na kwaleji kayan koyon ƙera irin waɗannan na'urori kaɗan ne, ɗalibai da yawa, su mata kuma ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kafin ta kai hannu maza sun kwashe, sai dai ta tsaya baya tana leƙe. In ta samu nata, za ta koya da hannunta. Ta roƙe ni in ba ta ɗan lokaci kafin a ba ka amsa, don ba ta son ta ce maka a'a sai ta san abin da za ta ce maka i a kanshi. Da na ji wagga magana ta ƙarshe, sai na ce to.

Ta nemi in raka ta gidan Malam Levi, wanda ya koya mata kimiyya a sakandare. Mutumin Filato ne, ya daɗe a garin nan har Hausarshi ta koma irin tamu, 'ya'yanshi duk nan anka haife su. Matarshi Magdalene ta tarbe mu da kunun gyaɗa, munka zauna a inuwar dalbejiya, shi da ɗalibarshi sunka duƙufa kan waya suna duba irin akwatunan da ake sayarwa don masu fara koyo. Ni dai ina gefe ina saurare, kuma abin da na fahimta shi zan faɗa maka. Akwai irin naka, wanda ya zo a gine. Akwai wata 'yar mota mai taya da ake haɗawa, tana bin layin da anka zana mata a ƙasa. Malam Levi ya so wagga, ya ce tana sa wa mai koyo ƙwarin gwiwa, don yini ɗaya ya isa ka gan ta tana gudu. Safara'u ta ce gaskiya ne, amma bayan yinin nan fa, mi za ta yi da ita? Ta ce an yi ta don yaran sakandare ne, in ka haɗa ta sau ɗaya ka gama da ita. Sai na ukun, wanda ko kallo bai isa ba: akwati ne na roba cike da tarkace, da wani ɗan allo kamar tafin hannun yaro wanda shi ne ƙwaƙwalwar, da tarin siraran wayoyi masu launi, da ƙananan fitilu, da 'yan injina, da wasu abubuwa masu jin zafi ko haske ko danshin iska, da ɗan littafin darussa. Ba abin da yake yi sai abin da ka koya mashi, kai za ka rubuta mashi umarni a kwamfuta ka zuba mashi.

Da ka ji tambayoyin da yarinyar nan ta yi ta jerowa, da ka yi alfahari. Ta tambaya ko sai an narka dalma kafin a haɗa wayoyin, anka ce a'a, akwai wani faranti mai huji-huji da ake soka su a cire. Ta tambaya ko yana aiki in babu wutar lantarki, tunda ka san halin wutarmu, anka ce batirin cajin waya ma ya ishe shi, ko ɗan faifan sola. Sai ta koma kan abin da ya fi damunta, wato in ta ƙona wani abu a ciki. Malam Levi ya yi dariya ya ce ai dole ta ƙona, wanda bai ƙona ba bai fara ba, kuma kyan wanga iri shi ne kowane yanki ana samunshi shi kaɗai, wasu ma wajen masu gyaran rediyo. Ta ce to umarnin da ake rubuta mashi fa, irin wanda ake koya masu a kwaleji ne, ko wani na wasan yara ne da za ta watsar bayan shekara? Ya ce shi ne dai wanda manya ke aiki da shi. Nan ta ajiye wayar ta ce ta samu. Malam Levi bai ji haushin an bar shawararshi ba. Ya dube ni ya ce, Hajiya, da ni ke yi mata tambaya, yau ga shi ita ke yi mani, har sai na yi tunani kafin in amsa. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon allo irin wancan, da ya samu wajen wani taron malamai, gefe ɗaya har ya yi tsatsa, ya haɗa mata da farantin nan mai huji-huji da 'yan wayoyi da fitilu. Ya ce ta riƙe aro har hutu ya ƙare, ta gwada ta gani ko abin da take zato shi ne, kafin a sa kawunta ɗawainiya.

Ta mai da ɗakin ajiyar hatsi wurin aikinta. Ta kifa turmi ta ɗora faranti, ga tsohuwar kwamfutar da yayanta ya bar mata, ga ƙusoshi biyu da ta roƙo wajen kafinta. Na tambaye ta ina mutum-mutumin da za ta gina, ta ce Inna ba kowane ke da kai da ƙafa ba, duk abin da zai ji, ya yanke shawara, ya aikata, shi ke nan. Nata zai ji ƙishirwar ƙasa ne. Ka tuna bara irin albasarmu ya ruɓe a fangali saboda ruwa ya yi mashi yawa, lokacin da babansu ya kwanta zazzaɓi, har sai da munka nemi iri wajen mutanen Kagara. Ashe abin yana ranta tun sannan. Gwajin farko dai bai yi kyau ba. Ina madafa na ji ƙauri, na sheƙo, na iske hayaƙi siriri yana tashi daga farantin, ita kuma ta yi tagumi. Ta juya wayoyi biyu ne, wata 'yar fitila da wani ɗan abu sunka ƙone. Babanta yana alwala a tsakar gida, ya leƙo, ya girgiza kai. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ce yau kam an gama. Amma da la'asar sai ga ta ta ɗauko mataccen rediyon kakarsu, ta kwance shi, ta ciro abin da take so. Kwanakin da sunka biyo baya, in na kai mata abinci sai in dawo in iske ƙuda na bin shi. Rannan ina shanya sai na ji ta ƙwala mani kira. Ta soka ƙusoshin nan cikin tukunyar da nake shuka na'ana'a, fitila ta kama ja. Ta ce in zuba ruwa. Na zuba, kafin in ajiye moɗa jan ya mutu, kore ya kama. Na sake dubawa, na ce ta maimaita a busasshiyar ƙasa, ja ya dawo. Yaya, ban san sadda na rangaɗa guɗa ba, nan cikin ɗakin hatsi.

Ranar Juma'a munka tafi Wurno gaida Baba Malam, ta ƙunshe kayanta cikin gwangwanin madara ta tafi da su. Ni ina ɗar-ɗar, don ka san Baba da abin da ya yi kama da surar mai rai. Bayan an ci abinci ta durƙusa ta nuna mashi hoton naka a waya. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce Junaidu dai har yanzu shina son abu mai ƙyalli, tun yana yaro in an je kasuwar Achida shi ke tsayawa wurin masu madubi. Ya tambaya wanga mi yake yi, ta ce yana rawa yana gaisuwa. Ya ce to, gaisuwa kam muna da masu yi. Sai ya nuna gwangwanin da sandarshi ya ce wanga mummunan fa? Ta ce yana faɗin in ƙasa na jin ƙishirwa. Baba ya ce a kai shi gindin ɗan lemun nan da ya dasa bayan zaure. Da kanshi ya tashi, da gwiwar tashi, ya ɗauki butar alwala. Fitila ta nuna ja, ya tsiyaya ruwa, ta koma kore. Ya yi dariya har rawaninshi ya karkace, rabon da in ji irin wagga dariya tashi tun Innarmu na da rai. Da munka koma zaure ta faɗa mashi damuwarta, cewa tana tsoron ɓata maka rai. Ya ce shi a iya shekarun da ya yi yana karantarwa bai taɓa miƙa wa mai farawa littafi mai gwalagwalan bango ba, allo ake ba shi da tawada, ya rubuta ya karkace, a wanke ya sake. Ya ce a gaya wa Junaidu in ji ni, niyyarshi ta riga ta isa inda za ta, ladarshi na nan, amma ya bar yarinya ta zaɓi allonta. Saƙon Baba ke nan, na isar, na sauke nauyi.

Saura babanta. Ba ta roƙe shi komi ba, sai dai ta ce ya ba ta izini ta bi shi gona ranar da za a ba iri ruwa. Ya ce ta taho. Ni ma na yafa mayafi na bi su, wai zan kai abinci. Maƙwabtan gona sunka taru, ka san mutanenmu da son kallo, wani har yana cewa yau 'yar boko za ta koya wa babanta Malam Tambari noma. Ta tsuguna bakin fangalin farko, sama ya bushe ya yi fari, ana shirin tada inji. Ta soka ƙusoshinta, kore ya kama, ta ce wanga bai bukatar ruwa yau. Babanta ya tona da yatsa, ya damƙo ƙasa ya matse, ta dunƙule da danshi. Fangali na gaba ja, ya tona, ƙasa ta watse a hannunshi. Haka sunka yi ta bi, ita da ƙusa shi da yatsa, suna dacewa, masu dariya sunka fara dainawa. Sai a wani fangali na can ƙarshe fitila ta nuna kore, babanta ya tona ya iske ƙasa busassa ƙamas. Anka fashe da dariya, mai maganar ɗazu ya ce to ga shi, ƙarya ta ƙare.

Abin da ta yi a wurin shi ya sa na zauna rubuta maka wagga takarda da hannuna. Ba ta yi gardama ba, ba ta ce ƙasar ce ba daidai ba. Ta cire ƙusoshin ta duba, ta ɗebi ƙasar ta shinshina, ta tambayi babanta ko an zuba takin zamani a nan kwanan nan. Ya ce shekaranjiya. Sai ta miƙe, a gaban dattawan nan duka, ta ce hannun Baba ne ya yi daidai, na'urarta ce ta yi kuskure. Ta bayyana cewa gishirin taki yana ruɗin ƙusa har ta ɗauka ruwa ne, ga shi kuma ƙusoshin sun fara tsatsa, don haka ba za a dogara da su ba tukuna, kowa ya ci gaba da tona ƙasarshi. Ta ce akwai wani ma'aunin danshi da anka rufe jikinshi, wanda bai tsatsa kuma taki bai cika ruɗinshi ba, in ta same shi za ta dawo wanga fangali ta sake gwadawa, in ya sake kuskure za ta sake faɗi. Wani tsoho daga Kagara ya ce shi dai ya sha ganin masu kawo sabon abu gona, amma bai taɓa ganin wanda ya faɗi aibin kayanshi da bakinshi ba. Babanta ya karkaɗe hannu ya ce a tada inji a ba fangalin ƙarshe ruwa. Tun ranar nan bai sake tada maganar makarantar lafiya ba, bai kuma ce ya janye ba. Kwana da kwanaki muna zaune a haka, ni da ita muna kallon bakinshi.

To Yaya, ga roƙona. Don Allah kada ka ɗauki wanga a matsayin raina kyauta. Ita da kanta ta so ta rubuto maka, ta fara ta yage ya fi a ƙirga, ta ce ba ta san yadda ake ce wa babba na gode amma ba wanga ba. Na ce ta bari, ni na san yayana, mai faɗa ne a baki amma cikinshi fari ne. In ba ka riga ka sayi mutum-mutumin ba, a bar shi. In ka saya, 'ya'yanka Habi da Zinariya za su yi murna da shi, ba a yi asara ba. Abin da take so shi ne akwatin nan na masu farawa, ta tura hotonshi da sunanshi a wayar Yaya Maryam don kada mai shago ya ba ka wani. Ta ce a duba a tabbata akwai farantin soka wayoyi da littafin darussa a ciki, da ɗan injin da ke iya buɗe bakin ruwa ya rufe, don burinta nan gaba na'urar ta riƙa buɗe wa fangali ruwa da kanta in ya bushe. Ma'aunin danshin kuma ba ya zuwa cikin akwatin, daban ake sayenshi, a nemi mai rufaffen jiki, ba mai ƙafafun ƙarfe tsirara ba. In mai shago ya ce maka akwai wanda ya fi shi kyau da girma, ka ce mashi mai abin ta san abin da take so. Da rarrafe yaro kan tashi. In Allah ya sa ya samu kafin Ƙasimu ya juyo, a ba shi ya taho da shi, don hutunsu ya kusa ƙarewa, kuma a zango mai zuwa ne kowane ɗalibi zai gabatar da abin da ya ƙera.

Na kai nan a rubutu bayan la'asar sai babansu ya shigo daga gona, ƙafa duk laka. Ya tsaya bakin ƙofa ya tambaya ko takardar Alhaji ce, na ce ita ce. Ya ce a gaishe ka. Ya juya kamar zai wuce, sai ya dawo ya yi gyaran murya, ya ce abin nan da yarinyar nan ta ce bai tsatsa, in Alhaji zai saya, a ce mashi ya sayo biyu, don wajen tafarnuwa ma yana son a riƙa dubawa. Na ce to ai mai dubawar za ta koma makarantar lafiya. Ya harare ni ya ce wa ya faɗi haka, masu duba marasa lafiya suna da yawa a garin nan, ƙasa ce ba ta da mai duba ta. Safara'u tana bayan ƙyaure tana ji. Yanzu haka da nake ƙarasa maka, tana can ɗakin hatsi ta rufe fuska da mayafi tana kukan daɗi, na bar ta ta yi abinta.

A gaida Yaya Maryam da kyau, a ce mata ina nan ina cigiyar atamfar da ta yi mani alkawari. A shafa mani kan Habi da Zinariya, Allah ya yi masu albarka ya ba su ilimi mai amfani. Baba Malam yana sa maka albarka, ya ce a tambaye ka yaushe za ka taho, zumunta a ƙafa take. Gwaggo Laraba tana gaisuwa, haka Malam Levi da iyalinshi, da Theresa, wadda ta ce har yanzu tana tuna barkwancinka na bikin yayan Safara'u. Ɗiyarka kuma ta durƙusa har ƙasa tana gaida Kawu. Allah ya sada mu da alheri, ya maido ka gida lafiya.

Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Uwaliya.